Takalmin Doguwar Hanya a Dawakin Tofa: Daga Fade Zuwa Gwanjo

Duk wanda ya tashi daga garin Dawakin Tofa da ƙafa, ya shiga birni ya yi cinikinsa a Kasuwar Kurmi, ya juyo ya kwana a ɗakinsa, to ya ci hanyar da ta haura kilomita 42. Tsawon gudun fanfalaki ke nan, wanda ake rataya wa mutum lambar zinare saboda shi a ƙasashen duniya. Kakanninmu sun sha yin wannan tafiya, wani da jaki a gaba, wani da kaya a ka, ba mai tafa musu, ba mai riƙe musu agogo. Na ƙare aikina ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantun wannan yanki, kuma ko da na yi ritaya samari ba su daina sallama a ƙofar gidana ba. Tambayarsu ɗaya ce: "Malam, ga abin da ke hannuna, wane takalmi zan saya na gudu?" Nakan ba su amsar da za ta fisshe su a kasuwa. Amma amsar da ke raina ta fi wannan tsawo, don takalmin araha na doguwar hanya ba baƙo ba ne a wurinmu. A nan aka san shi, a nan aka ɗinka shi, har aka sayar wa na nesa.

Sai mutum ya san ƙasar kafin ya gane takalminta. Mu nan ba mu da daji. Gona na ƙarewa wata na farawa, kowace ɗorawa da kowace kuka da mai ita, gari kuma yana hango gari. Ƙasar Madakin Kano ce, ta gidan Yolawa, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum kusan dubu 250 a ƙaramar hukumar. Ƙasa mai jama'a haka ba ta samun hutu, kowace damina sai an noma ta, saboda haka taki ne ranta. Shi ya ɗaure mu da birni. Da rani jakuna kan shiga da itace da kara da hatsi da tukwanen da aka san garinmu da su, su fito da mangala cike da toka da sharar birni, musamman na mutanen Dawanau da Tumfafi da Kwa waɗanda suka fi kusa da ganuwa. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya yi rubutu a kan wannan kai-da-kawowa. Shi lissafin gonaki da jakuna ya dame shi. Ni kuwa ƙafafun da ke bayan jakunan nake tunawa.

Kakana na wajen uba yana cikin masu jakunan nan. Yakan ɗaura kaya tun da dare, ya kora tun kafin kiran assalatu, don ya ci rabin hanya rana ba ta fito ba. Mai jaki ba tafiyar ƙasaita yake yi ba. Idan jaki ya sami sanyin asuba ya ɗauki wuta, dole mai shi ya bi shi da sassarfa, ya ɗan sarara, ya sake ɗauka, haka har a hango Ƙofar Dawanau. Masu horar da 'yan gudu a yau suna da tsarin da ya yi daidai da wannan, gudu kaɗan, tafiya kaɗan, a maimaita. Abin da ya fi ba ni mamaki ina yaro shi ne, yawancin hanyar takalminsa ba a ƙafarsa yake ba. A rataye yake a kafaɗa, ko a soke a jikin igiyar kaya. Sai an zo burtalin da tsidau da ƙarangiya suka yi yawa, ko rana ta take rairayi ya yi zafi da bazara, ko an kusa shiga mutane, sannan ya sauke ya saka. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Kai ɗan nan, fatar ƙafa in ta cinye takan mayar da kanta. Ta takalmi kuwa sai ka kai wa baduku dami." Tafin ƙafarsa ya yi kanta mai kauri, dunduniyar duk faso da hunturu. Da dare yakan wanke, ya goge da dutse, ya cusa man kaɗanya a cikin fason. A ƙugunsa kuma akwai 'yar jakar fata mai ɗauke da matsefata, don ƙayar da ta fi ƙarfin kanta.

Takalmin kansa fade ne, kuma na ga yadda ake yin irinsa, don badukun unguwarmu bai rufe rumfarsa ba sai ina saurayi. Wannan wurin nake so mai karatu ya tsaya da ni. Idan ka je, ba lamba zai tambaye ka ba. Zai shimfiɗa ƙirgi a ƙasa, ya ce ka hau da ƙafarka tsirara, ka saki nauyinka duka, kada ka jingina da komai. Sai ya zagaye ƙafar da gawayi. Ta dama dabam, ta hagu dabam, don ya ce bai taɓa ganin mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai ba. Zai sa ɗan yatsa tsakanin babban yatsanka da na kusa da shi, ya ɗiga alama inda hanci zai fito. Zai karɓi tsohon takalminka ya juya bayansa ya duba inda ya fi cinyewa, a nan zai ƙara fata a sabon. Fata biyu ko uku yake haɗawa, ya huda da basilla, ya ɗinke da siririyar tsirkiyar fata, ya binne ɗinkin a cikin tsaga don kada ƙasa ta ci shi. Na mai doguwar tafiya yakan sa masa maɗaurin dunduniya, don kada takalmi ya riƙa marin ƙafa yana watsa rairayi. Fatar kuwa daga majema take, an cire gashinta da toka, an tausasa da fataka, an jeme da bagaruwa. In ana son ja a rina da karan dafi. Ba abu ɗaya a cikin takalmin nan da ya haye teku. In hanci ya tsinke ka koma, ya gyara kana zaune kuna hira, biya kuma sau da yawa sai kaka.

Wannan sana'a ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo birni ya zauna ya ƙididdige cinikinsa. Tufafi ne kan gaba, ya ƙiyasta su wuri miliyan 300 a shekara. Bayan su sai ya ambaci takalma. Ya yaba tsaftar aikinsu, ya ce ana kai su ƙasashe masu nisan gaske, ya ƙiyasta cinikinsu wuri miliyan 10, ya kuma nuna cewa kaya ne masu araha, don mafi kyawunsu, wanda ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kuɗinsa. Yi lissafi da kanka. Ko da a ce duk wanda aka sayar taka-saraki ne, ƙafa dubu 50 ke nan a shekara, alhali yawancinsu ba su kai wannan kuɗi ba, wato adadin ya wuce haka nesa. Ya kuma lura cewa akwai takalman da Larabawa mazauna Kano suke ɗinkawa da fatar ƙasar nan ana kai su Arewacin Afirka. Akan ce araha ba ta ado, amma a kan takalmin Kano na wancan zamani maganar ba ta zauna ba. Ya yi araha ne don fata a gida take, bagaruwa a bakin rafi, masu ɗinki kuma ga su nan jingim a unguwar Dukawa da garuruwan karkara.

Waɗanda suka fi gwada ƙarfin wannan takalmi su ne fatake. Daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake sayo goro, ya haura kilomita 1,000, a haye Kwara, a ratsa Bargu, zango bayan zango, wata da watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen wannan hanya, a cikinta Alhassan Ɗantata ya fara neman arziki kafin gyaɗa ta ɗaga shi. Madugu da manyan ayari suna bisa dawaki, amma masu kora jakuna da 'yan alaro ƙafa ce abin hawansu, kuma a cikin kayan da suke ɗauke da su zuwa Gwanja, ban da kanwa da tufafi, har da takalman sayarwa. Tsofaffinmu sun ce ba falken da zai bar gida ba basilla da guntun fata a jakarsa. Bayan fatake ga alhazan ƙafa, waɗanda suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi kafin su dawo, wasu suka zauna a Sudan har zuriyarsu na can yau. Ga kuma zagage, masu shiga gaban dokin sarki ko hakimi duk inda ya nufa. Doki in ya yi sauri zagi ba shi da uzuri. In ana neman 'yan gudun dogon zango na ƙasar Hausa a tarihi, a cikin waɗannan za a same su.

Akwai wani abu game da takalmi da yaran yanzu ba su riska ba, bari in faɗe shi a gurguje. Talaka a da, cire takalmi ya fi saka shi yawa. Ka hango hakimi ka tuɓe, ka zo ƙofar dagaci ka tuɓe, ka wuce gidan surukai ka tuɓe. Na surukai da na malamai ladabi ne, har gobe ina yi. Na tilas kuwa yana cikin abubuwan da 'yan NEPU suka yi ta faɗa a kai bayan kafa jam'iyyar a Kano a 1950, kuma akwai waɗanda suka sha wuya don sun ƙi tuɓewa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo gyaɗa ta zama kuɗi. Goro ya koma bin jirgi daga kudu, ayarin Gwanja ya yi ta raguwa har ya mutu. Bayan jirgi sai manyan motoci masu kwasar gyaɗa daga karkara zuwa dalar gyaɗa, su kuma suka bar mana abin da ba wanda ya yi tsammani, wato tsohuwar taya. Babana ɗan zamanin takalmin taya ne. Ranar kasuwa za ka ga mai yin sa zaune a gindin bishiya da wuƙa mai kaifi da kwanon ruwa yana tsoma ta don ta bi roba. Shi ma awon ƙafa yake yi, ya yanko tafi daga bayan taya, ya yanko maɗauri daga tib, ya kafe da 'yan ƙusoshi ya lanƙwashe bakinsu a kan ƙarfe. Tayoyin lokacin zare ne a cikinsu, shi ya sa suke yankuwa. Na yanzu waya ce a ciki, sai an sha fama. Takalmin yana da nauyi, yana ɗaukar zafin rana, yana baƙanta ƙafa, kuma ba mai zuwa ɗaurin aure da shi. Amma ya yi abu biyu da fade ya kasa. Ƙaya ba ta huda shi, ruwa kuma bai dame shi ba, alhali fata in ta sha ruwan damina sai ta saki, in ta bushe ta ƙandare ta yanki ƙafa. Manomi da makiyayi da ɗan cin rani duk suka koma kansa. Kada wani ya raina shi a fagen gudu. A 2017 wata mata 'yar ƙabilar Raramuri ta ƙasar Meziko, María Lorena Ramírez, ta zo ta ɗaya a tseren kilomita 50 na hawa da gangara, da takalmin roba irin wannan a ƙafarta, ta bar masu takalman kanti a baya.

Gudu don a ga wanda ya riga wani, da layi da alƙali da usur, makaranta ce ta kawo mana shi. Kafin nan akwai langa da tseren yara a dandali da bin zomo ranar farauta, amma ba mai auna nisa. A firamarenmu da toka ake ja layi a fili, kuma dukanmu ba takalmi muke gudu ba. Malaminmu yakan ba mu labarin Abebe Bikila, sojan Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta birnin Rum ranar 10 ga Satumba 1960, saura mako uku Nijeriya ta sami mulkin kai. Awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16 ya yi, ƙafarsa tsirara a kan duwatsun titin Rum, don takalmin da ya samu a can bai zauna masa ba. Mu yara muka ɗauki labarin a kan cewa takalmi ba shi da amfani. Sai daga baya na san ragowarsa. A Tokiyo a 1964 ya sake cin gasar, wannan karon da takalmi, bai cika mako shida da yi masa tiyata a ciki ba, kuma ya rage lokacinsa zuwa awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Abin da na fahimta shi ne, mutumin nan ba takalmi ya ƙi ba, wanda bai dace da ƙafarsa ba ya ƙi. Ga wanda yake so ya auna girman abin da ya yi a Rum, gwarzonmu Abbas Mohammed, wanda ya wakilci Nijeriya a Olamfik ta 1988, ya kafa tarihin ƙasa a 1990 da awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, lokacin da aka yi shekaru masu yawa ba ɗan Nijeriyar da ya kamo shi, amma duk da haka Bikila mara takalmi yana gabansa da kusan minti ɗaya.

Kambas ya shigo mana ne da ƙarfi bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da buɗe makarantar sakandaren kimiyya a nan garin a 1977, lokacin da ɗalibai daga ko'ina a jihar suka zo da akwatunan ƙarfe da farin takalmi a ciki. Sunan da kowa ya sani shi ne Bata, kamfanin da aka kafa a ƙasar Cek tun 1894, wanda har yau akwai wurin da ake kira da sunansa a bakin Kasuwar Sabon Gari. Farin kambas abin alfahari ne. Ranar Asabar a wanke shi, a shafe da alli ko farar ƙasa, a kifa a kan danga. Sai dai a gaskiya ba takalmin dogon gudu ba ne. Tafinsa siririyar roba ce shimfiɗaɗɗiya, bakinsa a matse, mu kuma yatsunmu a baje suke don ba su saba ɗauri ba. Uba kan sayo wanda ya fi ƙafar yaro don ya daɗe, ko yaro ya gaji na wansa da ya yi masa kaɗan. Ba safa. Na sha ganin yaro ya gama zagayen gari ya cire kambas, bororo ya fashe a dunduniya, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Da na zama malami, ranar gasar makarantu, da yawa cikin yarana sukan zo da kambas ɗinsu fes, a yi fareti da shi, in an kira tseren dogon zango su tuɓe su miƙa mini in riƙe. A nan lamba ta fara maye gurbin gawayin baduku, kuma daga ranar ƙafa ce take bin takalmi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Masana'antun roba a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika kasuwannin ƙauye da silifa da takalmin roba sau-ciki, mai arahar da ba baduku da zai iya karawa da ita. Badukunmu ya koma ɗinkin layu da kube da gyaran linzami, 'ya'yansa suka kama wata hanyar. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabon takalmin kanti ya fi ƙarfin albashin malami, balle manomi. Gwanjo ya karɓi gari. Kusan a lokacin ne Kasuwar Dawanau ta tashi, ta zama babbar kasuwar hatsi da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, mota da babur suka karɓe aikin jaki. Doguwar tafiyar ƙafa ta rage a wuyan waɗanda ba a lissafa su, 'yan mata masu talla da Fulani masu nono da almajirai, yawancinsu da silifar da aka ɗaure hancinta da waya.

Yau masu gudu a garin nan iri-iri ne. Akwai samarin da ke shirin shiga soja ko ɗan sanda, waɗanda suka san sai sun yi gudu ranar tantancewa kafin a yi maganar zuwa horo. Akwai 'yan ƙwallo. Akwai magidantan da likita ya ce ciwon suga ko hawan jini ya kama su. Akwai kuma 'yan kaɗan da gudun kansa suke so, suna jin labarin gasar gudun fanfalaki ta Legas da aka fara a 2016, da yadda 'yan Filato suke kwashe kyautar 'yan gida. Dukansu suna da waya, kuma waya ta nuna musu Eliud Kipchoge na Kenya a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019, yana gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, da wani takalmin Nike mai tudun soso da faranti mai tauri a ciki. Takalman nan ba ƙarya ba ne. Gwaji ya nuna irinsu na rage wa mai gudu kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfin da yake kashewa, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a farkon 2020 cewa kaurin tafi kada ya wuce milimita 40. Wanda Tigst Assefa ta Habasha ta saka a Balin a 2023, ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, na Adidas ne, dala 500 kuɗinsa, kuma don tsere ɗaya aka yi shi. Da canjin 2024, ya kai naira dubu 750, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar naira dubu 70 ne. Albashin wata goma bai saye shi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaron da zai ga wannan ya yanke cewa gudu ba na irinsa ba ne. Kashi 4 ɗin nan na wanda ya riga ya ƙure ƙarfinsa ne yana neman daƙiƙoƙi a kan kwalta mai santsi. Yaron da ke gudu a kan burji tsakanin gonaki, wanda bai yi shekara yana atisaye ba, abin da ke gabansa ya fi kashi 4 nesa, kuma a ƙafarsa da huhunsa yake.

Da kuɗin da ke hannun yaranmu, zaɓi biyu ne a gabansu. Ko sabo fil mai ɗauke da tambarin babban kamfani amma jabu, mai ƙyalli, wanda tafinsa busasshiyar roba ce, gam ɗinsa kuma ba ya jure ranar Afrilu. Ko kuwa na gaske amma gwanjo. Ni na gwanjo nake zaɓar musu, kuma in da hali nakan raka su Ƙofar Wambai. Mukan je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, da safar da yaro zai riƙa gudu da ita. Ranar da aka fasa dila ta fi, amma kaya sun fi tsada. Mai kaya zai ɗauko mai haske ya ce, "Baba, wannan ɗan kanti ne, ko taka ƙasa bai yi ba." Nakan ce, "Madalla, ɗana, miƙo in gani." Ba samansa nake dubawa ba, don wanki da goga suna gyara sama. Nakan ajiye ƙafa biyun a kan benci in durƙusa in hango su ta baya. In ɗaya ya karkace, mai shi na farko ya riga ya cinye gefe guda, a mayar. Nakan danna soson da babban yatsa ta ciki da ta waje. In ya yi tamoji a gefe, ya ƙi tasowa, to ya mutu kamar tsohuwar katifa, ko da zanen tafin bai goge ba. Masu yin takalman nan da kansu sun ce daga kilomita 500 zuwa 800 ne ƙarfin soson, kuma sau da yawa wanda ya zubar da shi a Turai ya riga ya cika adadin. Nakan murɗa shi, in lanƙwasa, in ga a gindin yatsu yake karyewa ko a tsakiya. Nakan zare shimfiɗar ciki in sa yaro ya tsaya a kanta, yatsunsa kada su zubo gefe, kuma a sami faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsansa mafi tsawo da bakin takalmi. Sannan ya ɗaure ya yi sassarfa zuwa ƙarshen layi ya dawo, ko da 'yan kasuwa za su yi ta kallo.

A shimfiɗar cikin nan ne nakan ga abin da ke damuna. In ka ɗaga ta a haske za ka ga sawun wani mutum, dunduniyarsa da yatsunsa biyar sun zauna daram. Wani ne can da ba mu sani ba, mai nasa nauyin da nasa takun, takalmin ya riga ya koyi ƙafarsa. Jikan wanda aka zana wa ƙafa a kan ƙirgi, dama dabam hagu dabam, shi ne yau yake cusa ƙafarsa a sawun baƙo. Kuma ba don fata ta ƙare ba. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suna loda fatar awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifaniya. Ba don hannu ya ƙare ba. Masu ɗinkin takalma a cikin birni suna yin na ado da na sallah masu kyau, 'yan kasuwa na kai su ƙasashen maƙwabta. Na gudu ne dai ban ga mai yi ba. A Kenya wasu sun kafa kamfanin Enda wajen 2016 don su ɗinka takalmin gudu a ƙasar masu gudu, kuma sun yi, har sun sayar a waje.

Mu abin da muke da shi a hannu shi ne masu gyara. Akwai wani saurayi mai gyaran takalmi a bakin tasharmu da nake kai wa na yarana. In tafin gwanjo ya goge amma soson da sauran rai, yakan fere tayar babur siririya ya manna a dunduniya da gaba, ya bi da ɗinki, takalmi ya ƙara wata da watanni a kan burji. Bara na ce masa, "Ɗana, tunda kana iya wannan, me zai hana ka yi gaba ɗayansa?" Ya ce, "Malam, ai ba ni da injin." Na ce ya fara da abin da ke gabansa. Na kawo masa yaro ɗaya mai faffaɗar ƙafa wanda ba lambar da ke yi masa, na sa ya tsaya a kan kwali, ya zagaye ƙafafun da biro. Ya yanko tafi daga tayar babur, ya sa soson silifa sabuwa falle biyu a tsakiya, ya ɗinka sama da yadin kambas mai faɗin baki. Na farkon ya yi nauyi, gam kuma ya saki da zafin rana. Na biyun ya rage kaurin tayar, ya bar dogaro da gam ya zagaye shi da ɗinki, ya ƙara fata a bayan dunduniya don kada ta kwanta. Da shi yaron ya yi atisayen hunturun da ya wuce ba bororo, kuɗinsa kuma bai kai na gwanjo mai kyau ba. Saura matsalar soso, don na silifa yana saurin kwanciya, kuma ya ce zai shiga Sabon Gari wurin masu sayar da kayan takalma ya nemo mai tauri kafin ya yanka wa sauran yara biyu da suka kawo awonsu.